Gizo Sarkin Ciyawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara Zaki ya je birni biki. Aka sauke shi a unguwar manya, irin gidajen nan masu faɗin fili da Turawa suka bari. Da safe ya leƙo ta taga, sai ya ga ƙofar gida kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Ya fito ya taka, ya ji laushi. Ya duba hagu da dama, babu kowa, ya kwanta ya yi birgima. Sannan ya kira mai gadi ya tambaye shi me ake nomawa a nan. Mai gadi ya ce ba a noma komai, ban ruwa ake yi da aski, sai kuma kallo.

Abin ya kwanta wa Zaki a rai. Gonar da ba a ci, ba a kai wa kasuwa, ai ita ce gonar sarauta.

Da ya dawo dawa ya tara fada. Ya kwance bakin rawani ya fito da ɗan guntun da ya tsinko. Aka yi ta miƙa wa juna ana jinjina kai. Da ya iso hannun Jaki, ya shinshina, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ƙiri-ƙiri ne."

Fada ta yi tsit. Wa bai san ƙiri-ƙiri ba? Mai yaɗon nan da duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, wanda manomi ke tsine wa tun daga noman firi har maimai. Zaki ya ce a birni ba haka ake kiransa ba. Jaki ya ce to, dama idonsa kwana biyu ba ya gani sosai.

Kura aka ba kwangilar shimfiɗa. Aka ba ta kuɗin yashi mai kyau da na ruɓaɓɓen taki. Ta je bakin fadama ta kwaso ƙasa kyauta, ta bi turken awaki ta kwaso ɗanyen taki, kuɗin kuma ta san inda ta kai su. Wanda ya kawo maka ƙasa, ya kawo maka har da abin da ke barci a cikinta. Amma ranar dai fili ya yi sumul, aka dasa, aka yi guɗa.

Ruwa ya sauka. Kwana 40 fili ya rufe. Zaki ya riƙa fitowa da la'asar yana takawa ɗaya-ɗaya, fadawa na biye suna cewa gyara kintsi. Ran nan yana cikin takawa sai wani abu ya soke shi a tafin ƙafa, tsit, kamar basilla. Ya yi ruri har ƙadangaru suka zubo daga katanga. Da aka sunkuya aka duba, ashe dardumar ta yi ƙuraje. Nan wani dogon ganye, can wani dunƙule mai kauri, gaba kuma wasu sun ɗara kowa tsawo suna ƙyalli.

Aka yi shela: wa zai raba filin Sarki da baƙin ciyayi?

Gizo ne ya fara faɗuwa. "Yanka ya daɗe, ni ne nan, tun kakana ciyawa ke tsoyonmu." Kun san bakin Gizo, daga nan zan riƙa gyara muku maganarsa, don kada mu kwana a nan. Ya ce ba ya son albashi, shi mai kishin fada ne. A biya shi da abin da ya cire kawai: kwando ɗaya, mudun gero ɗaya. Zaki ya ga ai wannan adalci ne. Aka naɗa shi Sarkin Ciyawa, aka sa Biri ya riƙa ƙidayar kwanduna.

Matsalar ɗaya ce. Gizo bai san tofa ba, bai san gamba ba. Duk abin da yake kore a wurinsa ciyawa ne. Sai ya tsinko ɗaya-ɗaya ya kai gida da dare.

Matarsa Ƙoƙi ta kunna fitila, ta baje su a kan tabarma. Ita ce mai zuwa gona dama.

"Maigida, wannan da ta soki Sarki tofa ce. Dubi ganyen, a miƙe kamar takobi. Ga farin layi ya bi tsawonsa, amma bai zauna daidai tsakiya ba, ya ɗan karkata gefe. Shafa bakin."

Gizo ya shafa. Ya yi ƙara ya sa yatsa a baki.

"To kun gaisa. Abin da ke sama ba komai ba ne, jinka ake yi da shi. Tofa tana ƙarƙashi." Ta kakkaɓe ƙasar ta nuna masa wata farar jijiya mai gaɓoɓi, bakinta tsini. "Da wannan take tafiya a ɓoye, har rogo da doya tana hudawa. Sai ka bi ta da diga har inda ta ƙare. Guntun da bai kai ɗan yatsa ba in ka bari, ya ishe ta ta dawo."

Ta ɗauki ta biyu. "Murza karan nan tsakanin yatsunka."

Ya murza, ya ƙi murzuwa. Kusurwa uku gare shi.

"Aya-aya ke nan. Ita ba dangin ciyawa ba ce ma, 'yar'uwar aya ce, sai dai ita ɗaci. In an yi wa fili aski yau, jibi za ka ga ta ɗara kowa, ganyenta na ƙyalli. Ga sirrinta." Ta jawo wani siririn zare, ga baƙaƙen ƙwayoyi jere a jiki kamar carbi. "In ka fizge ta daga sama, zaren nan ne ke tsinkewa, ƙwayoyin su zauna a ƙasa. Da ma waɗansu barci suke yi. Tsinkewar ce ke tashinsu. Ka cire ɗaya, uku su fito ta'aziyya. Maganinta a tona ƙasa kamar taƙi guda, a tace da rariya, a shanya ƙwayoyin a ranar bazara mako biyu. Rana ce ke kashe su. Kuma a rage ban ruwa, don laima take so."

Na uku ba ta ɗauko shi daga tabarma ba. Ta ja Gizo zuwa bakin ƙofa, inda kullum ake takawa, ta haska masa wani dunƙule da ya baje a ƙasa kamar faifai, tsakiyarsa fari-fari, karansa a shafe kamar an danne da dutse. Kansa ya rabu kamar yatsun kaza, yatsa ɗaya ya sauko ƙasa da sauran.

"Ja shi."

Gizo ya tofa yawu a hannu ya ja. Ganye ya tsinke, Gizo ya tafi da baya ya zauna a kwatami.

"Tuji ke nan. Ba a yi masa da ƙarfi. A jiƙa ƙasa, a zura wuƙa ƙarƙashin gindin a yanke, ya fito kamar ba shi ba. Ba ya yaɗo, kuma shekara ɗaya ce rayuwarsa. Da iri yake cin gari: gindi ɗaya yana iya zubar da ƙwaya 50,000. Saboda haka a riga shi kafin ya fid da kai. Wani abu kuma, tuji ba ya rasa dalili. Inda ƙafa ta daddaɓe ƙasa ta yi tauri, har sauran ciyayi suka gaza, nan yake..."

Gizo yana wanke ƙugu, bai ji wannan ba.

Harƙiya kuwa Ƙoƙi ko kallon kirki ba ta yi mata ba. Ta ce mai laushi ce, hannu ma ya ishe ta, in an tara a kai wa Doki ya gode.

"Duk ramin da ka buɗe kuma ka cike shi da yashi da taki, ka dasa ƙiri-ƙiri. Ƙasa ba ta zama tsirara. In ba ka ba ta riga ba, wani zai ba ta."

Gizo ya ce, "In na yi duk wannan, yaushe zan gama?"

"Rani ɗaya da damina ɗaya."

"Sannan?"

"Sannan an gama mana."

Daren nan Gizo bai runtsa ba. Kalmar nan an gama ita ta tsaya masa a wuya. Kafin asuba ya juya karatun Ƙoƙi kaf, kamar mai juya riga.

Da safe ya ɗauki lauje, ya bar diga a gida. Tofa ya yi mata aski daidai ƙasa. Aya-aya ya riƙa fizgarta da hannu yana jin zaren na tsinkewa, ɗis, ɗis, yana murmushi. Tuji kuwa ya ƙyale shi sai da kai ya nuna, sannan ya yanko, ya bi fili yana kaɗa shi kamar mai korar ƙuda. Da yamma ya ce ciyawar Sarki na jin ƙishi, a ƙara tulu goma. Ranar farko kwando 6. Bayan wata ɗaya kwando 20. Ganye ai ya fi saiwa cika kwando. Wani kwandon ma in ya fita ta ƙofar gaba, sai ya zagayo ta baya a sake ƙirga shi. Biri yana da tafi ɗaya a kowane mudu, don haka lissafinsa bai taɓa kuskure ba.

Zaki ya ga kwanduna na fita, ya ce bai taɓa samun ma'aikaci irin wannan ba. Ya ƙara masa alkyabba.

Ƙoƙi ta ga gero na shigowa. Ta dubi diga a jingine, ko ƙasa babu a bakinta. Ba ta ce komai ba, ta yi surfe.

Kura fa abin ya dame ta. Ita ta kawo ciyayin nan da guminta, wani kuma ke cin amfaninsu! Da hunturu ya shiga ta je fada ta ce ita tana da gajeriyar hanya: wuta. A ba ta rabin abin da ake ba Gizo, ta gama da tofa a yini ɗaya. Aka ba ta. Ta cinna wa kusurwar da tofa ta fi yawa. Wuri ya yi baƙi ƙirin, fadawa suka yi tafi. Wuta dai sama ta ci, jijiya na ƙasa tana jin ɗumi. Ba a yi wata ba tofa ta tsiro sabuwa fil, ta riga kowa, ta kuma fid da fure fari tas kamar auduga, abin da ba ta yi ba duk damina.

Zaki ya fito ya gani, gashin wuyansa ya tashi. Gizo ya yi maza ya faɗi. "Ranka ya daɗe, rawani suka naɗa. Mubaya'a suka zo yi."

Zaki ya ɗaga musu hannu. Iska ta kwashi rawunan ta raba wa sauran fili.

Damina ta biyu abin ya wuce wasa, sai aka kafa kwamiti. Aka ɗauko Dila malamin daji, da tabarau da jaka. Ya zauna kwana 7 ana kai masa abinci. Ran na takwas ya zo fada da wani ƙaton littafi. Littafin kam na gaske ne, ba ƙirƙirar Dila ba: masana ciyayi ne suka fitar da shi a Hawai ta Amurka a 1977, suka jera ciyayin da suka fi addabar manoman duniya.

Dila ya gyara murya. Ta ɗaya a duk duniya, in ji shi, aya-aya ce, tana damun manoma a ƙasashe fiye da 90. Tuji ne na biyar. Tofa ta bakwai.

Maimakon fushi sai Zaki ya ji daɗi. Uku daga cikin manyan duniya, duk a ƙofar gidansa! Ya ce ashe gidan nan ba ƙaramin gida ba ne. Sannan ya ce, "To, na biyu fa, Malam?"

Dila ya dubi littafi. Ya dubi abin da ke shimfiɗe ƙarƙashin ƙafar Zaki. Ya yi tari. Ya ce, Allah ya ba Sarki nasara, wannan shafin gara ta cinye shi.

Jaki ya san amsar, amma idonsa har yanzu bai warke ba.

Shawarar kwamiti ita ce feshi. Akwai magani, gilaifoset, wanda ganye ke sha ya kai shi har saiwa. A shafi na ƙarshe Dila ya rubuta cewa maganin nan bai san na gida ba, bai san baƙo ba, duk kore ɗaya ne a wurinsa. Don haka a ɗaura tsumma a bakin sanda, a sa safar hannu, a shafa wa ganyen tofa da na aya-aya su kaɗai, ranar da babu iska babu hadari. Ba wanda ya kai shafi na ƙarshe. Kura ta karɓi kuɗin galan huɗu, ta sayi biyu, ta goya injin feshi, ta bi fili tun daga zaure har bayan gida tana waƙa, iska na kaɗawa.

Kwana uku ba a ga komai ba, aka ce ta cuci Sarki. Kwana 10 fili ya yi ja kamar tsohuwar tabarma. Dardumar Zaki ta tafi. Lallen Zakanya da tumatirinta da ke gefe su ma suka bi ta. Fadan da aka yi a cikin gida daren nan, ba da ni aka yi ba.

Ruwa ya sake sauka. Wa ya fara leƙowa? Aya-aya, daga ƙwayoyin da ke barci, waɗanda ba su da ganyen da za su sha magani. Bayanta tuji, daga irin da Gizo ya kaɗa, tunda maganin ba ya taɓa ƙwayar da ke cikin ƙasa. Aka kira Dila. Ya ce ai an taɓa samun tujin da ya gagari maganin nan a gonakin itatuwa a Maleshiya, a 1997. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai tujin gidan Zaki bai taɓa zuwa Maleshiya ba.

Gizo ya sayi doki. Ya sayi riga 'yar Dikwa. Da bazara ta kama ya ce wa Ƙoƙi an gayyace shi taron ƙara wa juna sani na sarakunan ciyawa, wata biyu, ta riƙe masa aiki. Ƙoƙi ta ga turare a jakarsa da turmin atamfa. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya ba da ilmi mai amfani.

Ƙurar dokinsa ba ta kwanta ba ta ɗauki diga.

Ita da 'ya'yanta suka raba fili gida-gida. Su tona, su bi farar jijiya har ƙarshenta, su tace ƙasa da rariya. Ƙwayoyin aya-aya suka shanya su a kan dutse, rana ta gasa su har suka koma kamar kashin awaki. Kura ta biyo ta gani, ta ɗauka aya ce, ta dumbuza ta watsa a baki. Ta yini tana tofar da yawu. Inda ƙasa ta yi tauri suka sassoke ta da dagi suka zuba yashi. Tulu goman nan na Gizo aka daina. Biri ya yi ƙorafi, wai saiwa ba ta cika kwando, aikin nan babu albarka.

Da ruwan fari suka dasa ƙiri-ƙiri kusa da kusa. Da ya kama, suka riƙa yi masa aski duk mako. Shi aski ƙara masa kauri yake yi, tofa kuwa ba ta jure shi. Wadda ta leƙo a tone ta ran nan. Kwando 20 ya koma biyar, biyar ya koma rabi.

Gizo ya dawo a ƙasa, ba doki, ba atamfa, ba amarya. Ya tsaya a ƙofar fada ya ga kore shar. Ya riƙe kai. "Ƙoƙi, kin kashe mu!"

Ta ce, "Sannu da zuwa, Maigida. Ya karatu?"

Sai dai wurare biyu sun gagari Ƙoƙi. Layi biyu na tuji. Ta yanke, ta sassauta ƙasa, ta dasa. Bayan kwana kaɗan ƙasar ta sake daskarewa, dashen ya mutu, tuji ya dawo. Da sauran fili ya yi kyau, sai layukan suka fito raɗau kamar tsagar fuska.

Zaki ya tara fada a kan ciyawa. Ya ce a kira masa matar Sarkin Ciyawa. Ta zo ta durƙusa. Ya ce me ya hana waɗannan mutuwa?

"Ranka ya daɗe, tuji ba ya zama sai inda ƙafa ta daddaɓe. In ya yi layi, to hanya ce. Wani na bi kullum."

"Wa?"

"Allah ya ja zamanin Sarki, ni ciyawa na sani. Ban san ƙafa ba."

Aka bi layin farko da ido. Ya taso daga wata kafa a gindin katangar baya, ya miƙe sak bai karkace ba, ya tsaya a ƙofar ɗakin da ake ajiye kilishin Sarki. Faɗinsa daidai mutum ɗaya mai faɗin ƙirji. Kowa ya waiwaya. Kura ta ce ita fa tun da aka haife ta ba ta son yaji. Ba wanda ya ambaci yaji. Kafin dogarai su motsa ta haura katanga, ta dira da ƙugu. Ɗingishin da kuke gani tana yi har yau, daga nan ne.

Zaki ya ce madalla da ciyawa mai gaskiya. Ya ce a bi na biyu.

Na biyun ya fi faɗi, ya fi kauri, da gani ya fi daɗewa. Ya taso daga rumbun tsimi, inda ake tara harajin dabbobi saboda shekarar yunwa. Idanu suka bi shi a hankali. Ya ratsa fili, ya zagaya bishiyar ɗurumi, ya hau 'yar matakala, ya tsaya cak a ƙofar turaka.

Nan take kowa ya ga hadari ya taso a gabas, aka ɗaga kai ana duba shi. Jaki ya buɗe baki, Ƙoƙi ta taka masa kofato.

Gizo ya matso ya tsuguna. Ya tsinki ganye ɗaya, ya shinshina, ya ɗaga shi a rana. "Ranka ya daɗe, a gafarce ta, mace ce, ba ta je taro ba. Wancan na Kura tuji ne. Wannan kuwa ciyawar alfarma ce. Kama ce kawai. A gidan da ya isa kaɗai take fitowa, ita ma sai a gefen mai gidan."

Zaki ya dubi Dila. Dila ya ce haka ne, yana tunawa, tana cikin shafin nan da gara ta ci.

Aka ba da umarni. Layin Kura a tone shi yau. Ciyawar alfarma kuma a jera mata duwatsu hagu da dama, a shafa musu farar ƙasa, kada wanda ya kuskura ya sa mata wuƙa. Aka ƙara wa Gizo muƙami, shi ne mai ba ta ruwa: tulu ɗaya, mudu ɗaya. Ƙoƙi aka ba ta goro biyu, aka ce ta kyauta.

Da kaka ciyawar alfarma ta fid da kai, yatsu-yatsu kamar na kaza. Ta nuna, ta bushe, ta zubar. Gizo ya tsaya a gefe yana kallon iska na aikinta. Da ya koma gida ya sauko da kwandunansa daga rataya, ya kakkaɓe su, ya aika a gaya wa Biri ya nemo sabon alli.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Ciyayin dai suna nan. Gobe da safe ka duba bakin ƙofarka, wanda ya baje kamar faifai, ka ja shi ka ji.